Rundunar Ƙissa da Rundunar Galaba

A Ingila da wasu ƙasashen Turawa akwai wani wasa da magidanta masu gemu suke raba dare a kansa, alhali kuwa asalinsa darasi ne na soja, domin a shekarar 1824 wani hafsa Bajamushe mai suna Reisswitz ya gabatar da shi don koya wa hafsoshi dabarun yaƙi a kan taswira, sai a 1913 marubuci H. G. Wells ya fito da littafinsa Little Wars, abin ya shiga ɗakunan jama'a. A yau wanda ya fi shahara shi ne Warhammer 40,000, na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham, wanda ya fara fitowa a 1987.

Mai wasan yakan sayi 'yan sojojin roba, tsawon kowanne bai kai ɗan yatsa ba, ya yanko hannu daban, kai daban, ya liƙa da gam, sa'an nan ya zauna gaban fitila da burushi mai bakin allura yana zana ƙwayar ido da maɗaurin takalmi, har watanni su shuɗe kafin runduna ta kammala. Ranar gwabzawa a jera su a tebur, a auna tafiyarsu da tef, a jefa ƙwayar ludo ta yanke hukuncin wanda ya faɗi.

To, mas'alar da ta raba kan ma'abota wannan wasa ita ce ta zaɓen runduna. Kowane soja da makin da aka ƙayyade masa gwargwadon ƙarfinsa, a gasa kuma galibi maki 2,000 ake ba kowane ɓangare, don mizani ya daidaita. Amma lissafin ɗan Adam ba ya rasa tawaya, sai a tarar wani soja ya fi makinsa amfani. Mazhaba ta farko, ta masu neman galaba, wannan tawayar take bi, ta cika runduna da irin sojan nan ko da tarihinsa bai haɗu da na 'yan'uwansa ba. Ta biyu kuwa ƙissa take bi: mutum ya karanta labarin wata runduna, ta kwanta masa a rai, ya raɗa wa jarumansa sunaye, ya ƙi saka duk wanda hikayar ba ta yarda da shi ba, ko da za a yi ta kayar da shi.



A nawa ra'ayin hujjar masu ƙissa ta fi nauyi, saboda dalili na zahiri: kamfanin Games Workshop yakan sake lissafin maki bayan 'yan watanni, ta yadda sojan da aka saya don ƙarfinsa zai iya raunana tun fentinsa bai gama bushewa ba, ga kuɗi an zuba, ga ido an gajiyar, alhali wanda ya zaɓa don ƙauna babu sabon lissafin da zai raba shi da rundunarsa. Duk da haka ban ga laifin mai neman galaba a filin gasa ba, tunda abin da ya tara su ke nan. Laifin yana wajen wanda ya kawo rundunar gasa ya murƙushe abokinsa da ya zo hira, har shi kansa kamfanin, tun 2016, ya bambanta wasan gasa da wasan labari a dokokinsa. Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka taɓa zama a wannan tebur, ka tambayi niyyar abokin wasanka tun kafin ka buɗe akwati.