Daren da Ƙanƙara Ta Yaudari Jirgi

A daren Alhamis, 24 ga Yuli 2014, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Da ƙarfe 2:15 agogon Najeriya, lokacin da masallatan Dutsin-Ma da Kurfi ke cike da masu tahajjud, wani jirgi ƙirar MD-83 ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljiyas da mutum 116. Na kamfanin Swiftair ne na Sifaniya, Air Algérie ta yi hayarsa.

Damina ce, hadari ya haɗu a gabansu, matuƙan suka karkace don su kauce masa. Da suka kai ƙafa 31,000, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ta riƙe tsayin. Umarnin da aka ba ta ke nan: kada ki hau, kada ki sauka.

Mu da ke fama da zafin Sahel ba mu cika tunawa da cewa can sama sanyi ne mai daskarar da ruwa ba, sai ranar da ƙanƙara ta zubo ta yayyaga ganyen masara. A bakin kowane inji akwai ɗan bututu mai auna ƙarfin iska. Ƙanƙara ta toshe na dama, sannan na hagu, domin ba a kunna abin ɗumama su ba. Sai ma'aunin ya riƙa nuna cewa injin na aiki fiye da yadda yake yi. Na'urar da ke kula da totur ta gaskata, ta rage wuta.

Duk wanda ya taɓa shiga motar kaya a hanyar Kurfi zuwa Katsina ya san abin da ke biyo baya idan direba ya sassauta totur a kan hawa. Jirgin ya fara rasa gudu. Ita kuwa na'urar tuƙi tana nan kan umarninta. Don kada tsayin ya ragu, ta riƙa ɗaga hancin jirgin kaɗan-kaɗan, kuma kowace ɗagawa tana ƙara cinye gudun. Cikin minti biyar da rabi ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na gudunsa. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, kusan duk wannan lokaci allurar tsayi gaskiya take faɗa. Mai kallonta kaɗai zai ce lafiya lau.

Daga ƙarshe iska ta kasa ɗaukar fikafikan. Maganin wannan shi ne a tura hanci ƙasa a nemo gudu, amma bincike ya nuna ba a yi hakan ba. Jirgin ya kife ta hagu, ya nufi ƙasa da ka. Da ƙarfe 2:47 ya faɗi kusa da Gossi a ƙasar Mali. Babu wanda ya tsira. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mako shida da 'yan kwanaki kafin nan, ranar 8 ga Yuni, wani MD-83 na wannan kamfani ya shiga irin wannan hali. Da rana ne, matuƙansa suka lura gudu na raguwa, suka yi ƙasa-ƙasa da jirgin, suka kunna abin ɗumamawa, suka tsira.

Rahoton ƙarshe na binciken hatsarin Gossi ya fito a Afrilu 2016. Akwatin da ke naɗar motsin jirgin ya ba da komai dalla-dalla. Wanda ke naɗar muryar matuƙa kuwa, an same shi da matsala, ba a iya fahimtar abin da suka ce wa juna a waɗannan mintuna ba.