Hoto Kafin Allura: Abin da Magidanta Ya Kamata Su Sani Game da MRI da Dajin Furostet

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙullutun nama da likitoci ke kira furostet. A jikin saurayi nauyinsa bai fi giram 20 ba ko da 'yan kai. Ya kewaye bututun da fitsari ke bi, aikinsa kuma samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Idan shekaru suka ja yakan ƙara girma ya matse hanya, sai ka ga dattijo yana tashi sau huɗu ko biyar cikin dare, ko ya daɗe a banɗaki fitsari na zuwa a ɗige. Galibi wannan kumburin tsufa ne kawai. Sai dai a cikin wannan ƙullutu ne dajin da ya fi kowane daji kama maza a Najeriya yake tsirowa, wanda a rediyo ake yawan kira kansar mafitsara, kuma a farkonsa ba ya ciwo, ba ya hana fitsari, ba ya nuna komai.

Mujallar likitoci ta Lancet ta yi hasashe a 2024 cewa masu kamuwa da shi a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a shekara, kamar yadda aka gani a 2020, zuwa miliyan 2.9 nan da 2040. Baƙar fata ya fi kowa shiga haɗarin: a Ingila an ƙiyasta cewa ɗaya cikin baƙaƙen maza huɗu zai gamu da shi a rayuwarsa, alhali a sauran maza ɗaya ne cikin takwas. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar, nasa haɗarin ya ƙaru. Shi ya sa ake shawartar baƙar fata ya fara maganar gwaji da likita tun yana shekara 45. Ciwon kuma ba hukuncin kisa ba ne idan an tare shi da wuri. An yi wa Nelson Mandela gashin wannan daji a 2001, ya kuma rayu har 2013.

Ƙofar farko ita ce gwajin jini mai suna PSA, tare da likita ya sa yatsa ta dubura ya ji ko ƙullutun ya yi tauri. Maza da yawa a nan suke tsayawa saboda kunya, su koma wajen mai maganin sanyi ko na basir a bakin tasha. Dubawar ba ta kai minti guda ba. Matsalar PSA ita ce yana tashi da dalilai da yawa: kumburin tsufa, ciwon sanyin mafitsara, sa robar fitsari, har ma saduwa da iyali kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗibi jini. Mafi yawan waɗanda nasu ya ɗan haura ba su da daji. To ta yaya za a gane wanda ke da shi?

Shekara da shekaru amsar ita ce allura. A shigar da na'urar sikanin ta dubura, a soki ƙullutun wuri 10 zuwa 12, a ciro siririn nama a kai ɗakin gwaji. Sikanin yana nuna girman furostet da iyakarsa, amma ba kasafai yake nuna inda dajin yake ba, don haka sukar ta lalube ce. Kamar ɗan kasuwar hatsi ne da ke caka bututu a buhu don ya ga ko akwai ƙwari: idan ɓarnar tana can wani lungu, zai ciro tsaba mai kyau ya ce buhun lafiya lau. Ta haka daji mai haɗari kan tsira, musamman wanda ke gefen gaba inda allura ba ta cika kaiwa ba. Ta haka kuma akan ci karo da wani ɗan ƙaramin daji mai barci, wanda da an bar shi har mutum ya tsufa ya mutu ba zai taɓa shi ba, amma da zarar an ambaci sunansa hankali ya tashi sai an yi tiyata. Ga kuma jini a fitsari ko bayan gida na 'yan kwanaki, wani lokaci da zazzaɓi mai tsanani idan ƙwayoyin cutar hanji suka bi allura suka shiga jini.

A nan MRI ya sauya lissafi. Na'ura ce mai ƙaton maganaɗisu da igiyoyin rediyo. Jikin mutum galibinsa ruwa ne, na'urar tana sauraron yadda ruwan kowane nama ke amsawa, kwamfuta ta mayar da amsar hoto. Babu hasken ekisire a cikinta, babu yanka. Don furostet ana ɗaukar hoto iri biyu ko uku a zama ɗaya. Na farko yana nuna fasalin ƙullutun dalla-dalla, daji yakan fito a matsayin tabo mai duhu. Na biyu yana auna yadda ruwa ke kai-komo tsakanin ƙwayoyin nama, kuma shi ne ya fi tona asiri, domin ƙwayoyin daji a cunkushe suke, ruwa ba ya samun sararin motsi. Na uku sai an sa wani ruwa mai suna gadoliniyam ta jijiya, a ga inda jini ke rugawa da sauri fiye da kima.

Likitan hoto yakan ba abin da ya gani maki daga 1 zuwa 5, bisa wani ma'auni da ake kira PI-RADS. Ɗaya da biyu na nufin da wuya a samu daji mai haɗari. Huɗu da biyar na nufin akwai wurin da lallai a kai wa allura. Uku shi ne mai wahalar sha'ani, tsaka-tsaki, inda likita zai haɗa da yawan PSA, girman ƙullutun, shekaru da tarihin dangi kafin ya yanke shawara. Duk wanda aka miƙa wa takardar sakamako ya nemi wannan lamba. Idan babu ita, ya tambayi dalili.

Ba da ka aka yarda da wannan hanya ba. A 2017 Lancet ta wallafa binciken PROMIS da aka yi a asibitocin Birtaniya, inda maza 576 suka yi MRI, suka yi allurar lalube, aka kuma bi dukan ƙullutun da allura kusa da kusa don a san gaskiyar abin da ke ciki. MRI ya gano kashi 93 cikin 100 na daji mai haɗari, allurar lalube ta gano kashi 48. Shekara guda bayan haka aka fitar da binciken PRECISION, mai maza 500 daga ƙasashe da dama. A cikin waɗanda aka fara yi wa hoto, kashi 28 ba a ma soke su ba. Duk da haka an gano daji mai haɗari a kashi 38 na wannan rukuni, alhali a rukunin tsohuwar hanya kashi 26 aka samu. Dajin da bai kai a damu da shi ba kuwa ya sauko daga kashi 22 zuwa kashi 9. A 2019 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a riƙa yin MRI kafin allura, Turai ma ta bi wannan layi.

Wani zai ce, daji ai daji ne, me ya sa za a yi murna don an rage gano wani? Saboda maganin ma yana da nasa kuɗin fansa. Cire furostet ko gasa shi na iya barin mutum da yoyon fitsari ko raunin mazakuta, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga magidanci. Binciken ProtecT ya bi maza 1,643 masu dajin da bai fita daga ƙullutu ba har shekara 15. Wasu an yi musu tiyata, wasu gashi, wasu sa ido kawai. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna kusan 97 cikin 100 cutar ba ta kashe su ba, ko wace hanya aka bi, ko da yake ta fi yaɗuwa a jikin waɗanda aka sa wa ido. Hikimar ita ce rarrabe mai barci da mai gudu, MRI kuma yana taimakawa ƙwarai a nan. Ko bayan an tabbatar da cutar, hoton yana nuna ko ta huda ɓawon ƙullutun, ko ta kai jakunkunan maniyyi da kaluluwar da ke kusa, abin da likitan tiyata ke buƙatar sani kafin ya ɗauki wuƙa.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya buɗe kunne, domin hoton yana da tsada, kuma ana iya biyan kuɗin a tashi a tutar babu. Ba kowace na'urar MRI ce ta dace da furostet ba. Ana auna ƙarfin maganaɗisu da tesla, aikin nan kuma yana son tesla 1.5 ko 3. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urori 84 a Yammacin Afirka, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu raunin maganaɗisu ne. An samu ƙari tun lokacin, amma tambayar tana nan: na'urarku tesla nawa ce, kuma kuna yin hoton furostet na musamman, ko na mara ne kawai? Sai mai karanta hoton. Likitoci biyu na iya kallon tabo ɗaya su ba shi maki daban, wanda ya saba da furostet ya fi dacewa. Ka karɓi faifan hoton tare da takardar, don likitan mafitsara ya gani da idonsa, ko a kai wa wani ya sake dubawa.

Tsari ma yana da muhimmanci. Idan aka riga aka yi allura, jinin da ya taru a ciki yana ɓata hoto, sai an jira kamar mako shida. Idan akwai ciwon sanyi, a fara maganinsa. Kuma kada mutum ya kai kansa wurin hoto don ya ji tallar rediyo. Likitan mafitsara ne zai ce ga lokacin da ya dace.

Ranar hoton, a faɗi gaskiya game da ƙarfe. Maganaɗisun nan a kunne yake dare da rana, yana fizgar makulli da almakashi daga nesa. Mai batirin zuciya, mai na'urar ji da aka dasa a kunne, wanda harsashi ko ɓaraguzan bam suka maƙale a jikinsa, mai walda ko maƙeri da tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, duk su faɗa tun a bakin ƙofa. Ƙarfen ƙugu na tiyata ba lallai ya hana ba, amma yana iya dagula hoto. Laya, guru, zobe, agogo, waya da katin banki a bar su waje. Mai ciwon ƙoda ya sanar kafin a sa masa ruwan jijiya. Za a kwantar da kai cikin rami mai faɗin da bai fi kafaɗa ba sosai, minti 30 zuwa 45, ga ƙara kamar ana buga ƙarfe, don haka ake ba da abin toshe kunne. Babu zafi. Abin da ake so kawai kada ka motsa. Wani lokaci akan yi allurar da ke kwantar da motsin hanji, wasu wuraren kuma sukan ce a rage ci ko a yi bayan gida kafin a zo.

MRI ba ya yanke hukunci. Tabo mai maki biyar ma zato ne mai ƙarfi, sai an ciro nama an duba a madubin likita kafin a ce daji ne, a kuma ba shi makin Gleason da ke nuna zafinsa. Haka nan hoto mai tsabta ba takardar sallama ba ce, domin yana kuskure wasu, kamar yadda alƙaluman PROMIS da kansu suka nuna. Wanda aka ce masa ɗaya ko biyu ya ci gaba da auna PSA a lokutan da likita ya tsara, idan yana ta hawa a sake zama.

A ganina babban kuskuren da za a yi da wannan bayani shi ne mutum ya ƙi allura don bai samu kuɗin hoto ba, ya zauna wata da watanni yana tara kuɗi. Inda babu MRI mai kyau, tsohuwar hanya ta fi zama haka nan nesa ba kusa ba. Da yawa daga masu cutar da ke zuwa asibitocinmu ma sun wuce matakin da ake lalube: PSA ya haura 100, ƙullutu ya yi tauri, ƙashi na ciwo. Irin wannan ba ya buƙatar jiran layin hoton furostet kafin a fara yi masa magani, kuma allurar rage sinadarin maza tana sassauta cutar sosai ko da ta yaɗu. Idan kuwa mai dajin furostet, ko dattijon da ake zargin yana da shi, ya fara ciwon baya mai tsanani tare da sanyin ƙafafu, ko tafiya ta gagara, ko fitsari da bayan gida suka kuɓuce masa, wannan alama ce cewa dajin na danne lakar baya. A kai shi asibiti a ranar, ba wajen mai ɗori ba, a nemi MRI na ƙashin baya, domin jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya sa ƙafafun su shanye gaba ɗaya.