Daga Gwiwa zuwa Sabo: Wa ke jagorantar ɗan Arewa a Kudu?

Da zarar an gama girbi a Gwiwa da Roni da sauran ƙauyukan masarautar Kazaure, matasa da yawa sukan hau mota zuwa cin rani a Legas ko Ibadan. A gida, kowa ya san inda zai kai ƙara: mai unguwa, dagaci, hakimi, har fadar Sarkin Kazaure. To, idan an cuce shi a Ibadan fa?

Amsar da Hausawa suka samar wa kansu ta haura shekara ɗari. A 1916 aka kafa unguwar Sabo a Ibadan, inda fataken goro da dillalan shanu suka tare ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Shi ke sauke baƙo, ya sasanta rikicin bashi da na aure, ya je ofishin 'yan sanda belin wanda aka kama. Haka Sarkin Zango yake yi a Kumasi.

Sai dai sarautar tasa ta mutunci ce kawai. Ba shi da kasafin kuɗi, ba shi da kujera a majalisar ƙaramar hukuma. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, sai da gwamnonin Arewa suka yi tattaki zuwa Ibadan domin ganawa da Gwamna Seyi Makinde.

Inda abin ya fi ciwo shi ne takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Sabo, wanda ya iya Yarbanci kamar jakin Kano da Hausa, idan zai nemi aikin soja ko gurbin jami'a, sau da yawa sai ya nemi kuɗin mota zuwa Gwiwa, garin da bai taɓa kwana ba, don dagacin kakansa ya shaide shi. Kuma ba shi da ta cewa kan yadda ake tafiyar da garin.

Kanada ta fuskanci makamancin wannan. Fiye da rabin 'yan asalin ƙasar masu rajista ba sa zaune a yankunan da aka keɓe wa ƙabilunsu. A 1999, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Corbiere cewa hana su zaɓen shugabannin ƙabilarsu nuna bambanci ne.

A nan, ɗan Sabo na iya kaɗa ƙuri'a a Oyo idan ya yi rajista a can. Amma ko da kakansa ne ya fara kafa rumfa a unguwar, a takarda har yanzu ɗan Gwiwa ne.