Wuƙar farauta ƙirar hannu: kaifi da tsatsa

Duk da cewa masana'antu sun cika kasuwannin duniya da wuƙaƙen da ba sa tsatsa, har yanzu mafarauta da dama a Amurka da Turai sun fi son wuƙar da maƙeri ya ƙera da hannunsa, daga ƙarfe mai yawan sinadarin kabon.

Irin wannan wuƙa tana da kaifi, tana kuma da saukin wasawa ko a tsakiyar daji. To amma idan aka bar ta ta kwana da jini ko laima a jikinta, ana iya wayar gari a tarar tsatsa ta fara cinta.

Dalilin hakan yana cikin ƙarfen kansa. Kabon shi ne ke sa ƙarfe ya yi tauri idan aka gasa shi. Ƙarfen da ake kira 1095, wanda maƙeran Amurka ke yawan amfani da shi, yana ɗauke da kabon kusan kashi 1 cikin 100. Abin da ba shi da shi shi ne sinadarin kuromiyam, wanda ke kare ƙarfe daga tsatsa. Sai ƙarfe ya ƙunshi aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na wannan sinadari kafin a kira shi marar tsatsa, irin wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a 1913.

Wuta da mai

Bayan maƙeri ya fitar da siffar wuƙar a kan uwar maƙera, sai ya mayar da ita wuta har zafinta ya kai kimanin digiri 800 a ma'aunin Salshiyas. Wasu kan gane an kusa kai wa nan ne idan maganaɗisu ya daina kama ƙarfen. Daga nan sai a tsoma ta cikin mai domin ta huce nan take.

A wannan mataki wuƙar ta yi tauri fiye da kima, ta yadda za ta iya fashewa kamar gilashi idan ta faɗi. Don haka ake sake ɗumama ta a kimanin digiri 200, ta rage tauri kaɗan, ta sami juriya. A nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo, domin ido ba ya ganin kuskuren sai ranar da wuƙar ta gamu da ƙashi.

Ƙungiyar maƙeran wuƙaƙe ta Amurka, wato American Bladesmith Society, wadda Bill Moran da abokansa suka kafa a 1976, tana gwada wannan ƙwarewa ta wata hanya mai tsanani. Tilas wuƙar mai neman shaidar ƙungiyar ta datse igiya mai kaurin inci 1 da ke rataye da sara ɗaya, ta sare katako har sau biyu, sannan ta aske gashin hannu. A ƙarshe sai a matse tsininta a lanƙwasa ta har digiri 90 ba tare da ta karye ba.

Maƙeran ƙasar Hausa ma ba baƙi ba ne ga irin wannan ƙarfe. Tsohon sifirin na mota da suke saye su ƙera wuƙa ko adda, ƙarfe ne mai kabon, kuma kulawar da yake bukata ɗaya ce.

Kula da wuƙar

Muhimmin abu shi ne a wanke wuƙar da zarar an gama fiɗa, da ruwa da ɗan sabulu, a kuma goge ta ta bushe sarai, har da mahaɗar ƙarfe da ƙota inda ruwa kan maƙale. Jini yana da gishiri, gishiri kuwa yana gaggauta tsatsa. Bayan nan sai a shafa mata mai kaɗan.

Ba kowane mai ne ya dace ba. Man gyaɗa da sauran man girki kan yi ɗoyi su kuma yi danƙo idan wuƙar ta daɗe a ajiye. Baƙin man mota kuwa ba abin da za a kusantar da nama ba ne. An fi amfani da farin man ma'adinai marar ƙanshi da ake samu a kantin magani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye wuƙar wata da watanni a cikin kubenta na fata. Fata tana riƙe laima, musamman da damina, kuma sinadaran jima na iya taɓa ƙarfen. Kube na tafiya ne. A gida gara a naɗe wuƙar da takarda ko ƙyalle mai ɗan mai, a wuri busasshe.

Sau da yawa sabon mai wuƙa kan tsorata idan ya ga ta fara yin toka-toka ko shuɗi-shuɗi bayan yankan nama ko albasa. Wannan launi ba illa ba ce, hasali ma yana ɗan kare ƙarfen. Jar tsatsa mai kaushi ita ce abar gudu, domin tana huda ƙarfe. Idan aka gan ta da wuri, ana iya goge ta da sanfefa mai laushi da ɗigon mai.

Wajen wasawa kuma, dutse da ruwa ko mai sun wadatar, a riƙe bakin wuƙar a karkace kimanin digiri 20 ta kowane gefe. Injin washi mai gudu, irin wanda ke fitar da tartsatsi, yana iya zafafa siririn bakin ya wuce zafin da maƙeri ya ɗumama shi. Idan bakin ya koma shuɗi a kan injin, taurinsa ya tafi, kuma zai riƙa dakushewa da wuri har sai an cinye wurin da ya ƙone an kai ga lafiyayyen ƙarfe.