Gimi: Garin da Ciwon Barci Ya Tayar

A shekarar 1913 wasu baƙi suka yi sallama a gidan Likita Mila, a Durumin Maigarke cikin birnin Zariya. Ba magani suka zo nema ba. Isawa ne, jikokin almajiran Malam Ibrahim, malamin nan da aka tsire a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa. Bayan kisansa almajiransa suka watsu, wasu suka fake a duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan Kano da Zazzau. Labarin da suka gada shi ne, malaminsu ya ce wata rana wasu za su zo da cikakken bayani a kan Isa. Shi suka zo ji.

Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila, ya karanci likitanci a Landan. Ya shigo ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS. Sarkin Kano Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba, suka koma Girku, inda ciwo ya kashe abokin tafiyarsu Dudley Ryder. A 1905 Mila ya samu zama a Zariya. Ya yi shekaru yana ba da magani, yana koyar da yara, yana fassara Littafi Mai Tsarki, amma waɗanda suka karɓi saƙonsa ba su taka kara sun karya ba. Kwatsam ga mutane sun zo da ƙafarsu.

Da suka karɓi saƙon, aka samar musu wuri a Gimi, a ƙasar Zazzau, iyalai suka taru daga nesa da kusa. Aka gina majami'a da makaranta, aka share gonaki. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su, ya koya musu matse rake da dafa mazarƙwaila. Mutanen da suka yi shekaru suna ɓoye abin da ke ransu, yau ga su da garin kansu.

Sai dai akwai maƙwabcin da ba a yi lissafi da shi ba. Duk wanda ya san kurmin bakin rafi, irin na dajin Kamuku a Birnin Gwari, ya san gidan ƙudan tsando: inuwa, laima, da mashayar da mutum da dabba ba su da makawa sai sun je. Mai ɗibar ruwa, mai wanki, mai aikin fadama, kowa abincinsa ne. Idan ƙudan na ɗauke da ƙwayar cutar, cizo ɗaya ya isa. Da fari zazzaɓi ne mai zuwa ya tafi, da ciwon kai, da kaluluwa a bayan wuya, abin da kowa zai ɗauka masassara ce. Ana iya yin watanni, har shekara da ɗoriya, a haka. Idan ƙwayar ta kai ƙwaƙwalwa sai hali ya sauya. Mai kunya ya zama mai faɗa, manomi ya yi gyangyaɗi da fartanya a hannu, da dare kuma barci ya ƙaurace masa. Jiki ya rame, har a kai ga barcin da ba a tashi.

Haka ciwon barci ya bi Gimi gida-gida. Abin da ya fi ciwo shi ne, jagoran wannan jama'a likita ne, ya kuma san abin da ke kashe su, domin tun 1903 David Bruce ya nuna a Yuganda cewa ƙudan tsando ne ke yaɗa cutar. Sani akwai, ingantaccen magani ne babu. Wanda ake da shi a lokacin, mai suna atoxyl, yakan makantar da majiyyaci. Sai a 1920 wata likita 'yar Amurka, Louise Pearce, ta gwada tryparsamide a birnin da yanzu ake kira Kinshasa, a farkon shekarun 1920 kuma maganin Jamus, Bayer 205, ya fara shiga hannun likitoci. Kafin su iso ƙasar Zazzau, Gimi ta riga ta cika da kaburbura. Cikin 'yan shekaru aka bar garin, aka kwaso waɗanda suka rage zuwa Zariya.

Mutum ya sa kansa a matsayinsu. Sun bar dangi, sun bi sabuwar hanya, ga abin da ya biyo baya. Fassarar da ta fi kusa da baki ita ce, alhaki ne ya kama su. Amma Littafin da suka karɓa bai yarda a auna laifin mutum da nauyin ciwonsa ba. A Bisharar Yohanna, da almajirai suka tambayi Yesu Almasihu ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, bai ɗora wa ko ɗaya ba. A littafin Ayuba, abokan da suka dage cewa lallai ya yi wani laifi a ɓoye, su Allah ya tsawata wa daga ƙarshe. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa wata ƙaya da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin jimrewa. Tushen duka shi ne gicciye: Kirista ya gaskata cewa Almasihu da kansa ya sha azaba ba tare da laifi ba, saboda haka wahala ba shaida ba ce cewa Allah ya juya wa bawa baya. Wannan kuma bai zama hujjar naɗe hannu ba, domin Almasihun ya aiki almajiransa su warkar da marasa lafiya. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Abin da ya biyo baya ya nuna wace fassara ragowar mutanen Gimi suka ɗauka. Da aka tayar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa a 1929, suna cikin waɗanda suka kafa sabon garin. Aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa, aka gina makaranta, aka kuma kafa asibiti da sunan Luka, likitan da ya rubuta Bishara. Musulmi da Kirista da Maguzawa suka riƙa kwanciya a ɗaki ɗaya.

Daga wannan ƙaramar al'umma Dokta R. A. B. Dikko ya fito, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, wanda ya yi karatu a Birmingham, kuma asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna ke ɗauke da sunansa. Daga zuriyar Isawa kuma aka samu Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. An haife shi a 1927 a Anchau, yankin da ciwon barci ya addaba har gwamnati ta fara gagarumin aikin sare kurmi da sake tsugunar da jama'a a ƙarshen shekarun 1930, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

Waɗanda suka mutu a Gimi sun yi addu'a, ba su warke ba, kuma babu wani abin alheri da ya zo daga baya da zai mayar wa uwa ɗanta. Amma jama'ar da ta binne mutanenta don rashin magani ba ta ɗauki abin a matsayin la'ana ba. Ta tura 'ya'yanta koyon likitanci, kuma marasa lafiya na kowane addini a Arewa suka ci moriyar hakan.