Kashe pagefile a kwamfuta: riba ko asara?

Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ɗalibai ke saya a Tamale, RAM ɗinsu gigabait 4 ne kacal. Idan ya cika, Windows kan kwashe abin da ba a buƙata nan take zuwa wani fayil mai suna pagefile.sys a faifan C.

Wasu masu gyara kan kashe shi wai don a sami fili. Ganganci ne a irin wannan na'ura: shafukan Chrome na yin yawa, sai manhaja ta rufe kanta, aikin da ba a adana ba ya salwanta. Gara a bar Windows ta daidaita girmansa da kanta. In nauyin kwamfutar ne ya dame ka, ƙara RAM zuwa gigabait 8, ko ka sa SSD.