Dalar azurfa da kuɗin zinariya: nauyi ake saye ko tarihi?

Jama'a masu saurarenmu na Tasawa da Mayahi, da ƴan'uwa da ke bin mu daga Abijan, Legas, Aljeriya da Saudiyya, yau maganarmu kan tsofaffin kuɗin ƙarfe ce, na azurfa da na zinariya. Wasu sun gaje su, suna ƙulle cikin adakar tsohuwa. Wasu kuwa saye suke so su yi don ajiyar dukiya, musamman waɗanda ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi.

Kowace ƙwaya farashi biyu gare ta. Akwai kuɗin ƙarfen da ke jikinta, wanda ma'auni ke faɗa. Akwai kuma abin da masu tara tsofaffin kuɗi ke ƙarawa a kai, saboda ƙarancinta ko kyawunta. To, a nan ake cutar mutane.

Mu ɗauki babbar dalar nan mai hoton mace, sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake suka ƙetaro hamada da ita. Dillali zai nuna maka 1780 a jikinta, ya ce ta haura shekara 240, sai ka ƙara kuɗi. A 1780 ɗin sarauniyar ta rasu, amma aka ci gaba da buga dalar da wannan shekara ba canji, a Biyana, London, Paris, Roma da Bombai, miliyoyi ɗaruruwa. Har yanzu ana buga ta. Kun ga ke nan, wadda ke hannunka tana iya zama ƙanwar kakarka a shekaru. Abin da ke tabbas shi ne nauyi: giram 28, azurfa zalla a ciki wajen giram 23.4. Dala goma, giram 234 ke nan. Ka tambayi farashin giram na ranar, ka ninka, shi ne gindin ciniki.

Dalar Faransa ma iri-iri ce. Tsohuwar mai tamma biyar giram 25 ce, azurfarta 22.5. Ta shekarun 1960 zuwa 1969 giram 12 kacal. Wadda aka kashe a kasuwa daga 1970 kuwa ba azurfa a jikinta ko kaɗan, sai dai ƙyalli.

A zinariya, mai tamma ashirin ta Faransa da ake kira Napoleyon giram 6.45 ce, zinariya zalla 5.8. Fam na Ingila kusan giram 8 ne, zalla 7.3. Alhazai da ƴan ci-rani masu saye a waje, ku sa a rubuta maku nauyi da karat a takardar ciniki, don ranar sayarwa za a tambaya.

Ba mu ce darajar tarihi ƙarya ce ba. Akwai ƙwayoyin da aka buga kaɗan, kamar na tunawa masu hoton shugaba Diori Hamani, waɗanda masu tarawa ke nema. Amma ina masu tarawan suke? Yawanci Turai da Amurka. Ranar da rumbu ya ƙare ko ciwo ya taso, maƙerin farin da za ka kai wa a Tasawa ko Maraɗi ma'auni zai ɗauko, don narkewa zai yi ya ƙera munduwa. Duk abin da ka ƙara saboda labari ya tafi. Mu dai a ganinmu, mai neman ajiya ya tsaya kusa da kuɗin nauyi.

Mai gado a hannu kuwa kada ya yi gaggawar kai wa wuta. A ɗauki hoton fuska biyu, a aika wa ɗan'uwa a waje ya bincika shekarar da ƙananan haruffan jikinta. Kada a goge da toka ko lemun tsami: masu tarawa sun fi son ta da duhunta. In an huda ta ko an liƙa mata marataya, kamar yadda iyayenmu mata ke yi don ado, to ta koma kuɗin nauyi kawai.

Sai jabu. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa ko zinariya, amma tagulla ma ba ya kama ta, don haka gwajin nan shi kaɗai bai isa ba. A auna wajen maƙera biyu daban, gaban shaidu, tun ba ma in kayan magada ne da za a raba.